Kifi ya ɓuya, ya ƙi ci: mi yake gaya maka?

 

Maganarmu ta yau a kan karfasa take, wadda wasu ke ce wa gargaza, da danginta da ake ajewa cikin akwatin gilashi don ado. Kuka ɗaya ne muke yawan ji daga bakin masu kiwonta, tun daga Gaya har Damagaram: "Kifina sun lafe a ƙasa, ba su fitowa, na zuba abinci sun ƙi taɓawa." Mai wanga kuka dole ya damu. Ya haƙa rami ko ya gina kwamin siminti, ya sayi ƴaƴan kifi, ya sayi dusa, wani ma bashi ya ciwo. In kifin suka mutu, wahalar wata shida ta tafi a dare ɗaya.

Kai makiyayi ka san dabbarka. In saniya ta bar tuƙa, ko akuya ta ware daga garke ta tsaya ita kaɗai, ba sai an gaya maka ba. To, kifi ba ya kuka, ba ya tari, ba ka iya taɓa kunnensa ka ji zafi. Hanya biyu gare shi ta nuna maka akwai damuwa: ya ɓuya, kuma ya bar ci. Ruwa ba ya tsami banza. Galibi dalilin yana cikin ruwan, ko cikin sanyi, ko cikin zaman kifin da junansu. Cuta ita ce ta ƙarshe da za ka zarga. Saboda haka riƙe abu biyu tun yanzu: ranar da kifi ya ƙi ci, kada ka ƙara abinci, kuma kada ka zuba magani. Tsaya ka duba tukuna.

1. Mu san dabbar da muke kiwo

Karfasa tana cikin wani babban dangi da masana ke kira siklid. An san iri sama da 1600 a cikinsa, mafi yawansu a Afirka da Amurka ta Kudu. Tabkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan iri waɗanda babu su ko'ina sai nan, tabkin Tanganyika kuma yana da fiye da 200. Irin waɗannan tabkuna ne ƙananan kifin nan masu launin shuɗi da rawaya da kuke gani cikin gilashi a otel ko ofis a Yamai.

Tamu ta gida, wadda aka fi kiwo, sunanta na ilimi Oreochromis niloticus. Tana cikin kogin Isa, da Komadugu, da tabkin Cadi, ana kuma kama ta a tabkuna irin na Madarumfa da Tabalak. A shekarun 1980 an yi kiwonta cikin kejin raga masu yawo bisa kogi a yankin Tilaberi.

Ƙarami da babba, na ci da na ado, halinsu ɗaya. Kifin ruwan ɗumi ne. Namiji yana kama fili ya tsare shi. Suna renon ƙwai da ƴaƴansu. Kuma suna da lura: suna gane inuwar mai ba su abinci, suna gane baƙuwar inuwa. Daga waɗannan halaye huɗu ne kusan duk ɓuya da ƙin ci suke fitowa.

Kifi mai lafiya yana yawo tare da ƴan uwansa, fiffikensa a buɗe, launinsa da haske. In ka zo wurin da ka saba tsayawa, a lokacin da ka saba, zai taso. In bai taso ba, sai ka fara tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

2. Yaushe suka zo?

Baƙon kifi kamar amarya yake, sai ya kwana biyu kafin ya saki jiki. An kama shi da raga, an matse shi cikin leda ko bidon, ya sha girgizar mota, an jefa shi cikin ruwan da bai sani ba. In ya lafe kwana 2 ko 3, wani lokaci har mako, babu laifi.

Ga yadda za ka rage masa wahala. A hana shi abinci kwana 1 kafin tafiya, don kada ya ɓata ruwan da ake ɗaukarsa ciki. A yi tafiya da sanyin safiya. In an iso, kada a juye ledar nan take. A aza ta bisa ruwan a rufe, minti 20 zuwa 30, har zafin ciki da na waje su daidaita. Sa'an nan a buɗe, a riƙa ɗebo ruwan kwami kaɗan-kaɗan ana zubawa ciki, a karkata bakin leda, kifi su fita da kansu. Ranar nan babu abinci. Washegari a ba su ɗan kaɗan.

A kula! Yawan sa raga don a nuna wa baƙi girman kifi yana mayar da su baya. Duk kamu ɗaya, ka cire musu yauƙin jikin da ke kare su daga cuta, kuma ka koya musu gudunka.

3. Wane wata muke ciki?

Jinin kifi ba shi da ɗumin kansa kamar na akuya. Zafin jikinsa shi ne zafin ruwan da yake ciki. Karfasa ta fi ci da girma in ruwa yana wajen digiri 28 zuwa 31. In ya sauka ƙasa da 20, cinta ya ragu ƙwarai, ta bar haihuwa. Wajen digiri 17 ta bar ci gaba ɗaya. Wajen 11 ko 12 sai mutuwa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, in iskar hunturu ta busa dare duka, ƙaramin kwami marar zurfi yana hucewa kamar ruwan randa. Da safe sai ka ga kifi a ƙasa, baƙi-baƙi, ba su motsi.

Wata shekara, cikin Janairu, wani dattijo mai garka a gefen gulbi ya aiko a kira ni. Ya ce: "Likita, kihin nan kwana huɗu ba su ci ba. Na ce ko dusar ce ta yi musu kaɗan, na ninka. Da sunka ƙi, yaro ya sawo mini kafso a kasuwa, munka fasa munka zuba." Na sa hannu cikin ruwan, sanyi ƙalau. Na taɓo ƙasa, dusa ce jibge ta yi tsami, tana wari. Na ce: "Baba, ɗari ne ya hana su ci. Waɗanda suka mutu kuwa, dusar nan da ta ruɓe ce ta kashe su." Muka zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan, muka kwashe ruɓaɓɓen abinci, muka kafa zana ta wajen gabas da arewa. Sauran suka rayu, amma abin da ya tafi ya tafi.

Darasin wanga labari: cikin ɗari a rage abinci, a ba da shi sau ɗaya tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ta ɗumama ruwa. In ba su taso ba, a bari sai gobe. Babban kifi yana iya kwanaki da yawa bai ci ba, kuma bai mutu ba. A cika ruwa ya kai zurfin metir 1 ko fiye, don ruwa mai zurfi ba ya saurin hucewa. A kafa shinge mai tare iska. Kada a kama su, kada a tsince su, kada a yi tafiya da su a wanga lokaci in ba dole ba. Ma'aunin zafi ɗan ƙarami na sawa cikin ruwa ya fi kowane kafso amfani.

4. Ƙaƙa suke da asuba?

Kifi yana numfashi da iskar da ta narke cikin ruwa, wadda ake kira oksijan. Ruwan zafi ba ya riƙe ta da yawa: a digiri 20 litir ɗaya yana iya ɗaukar wajen miligiram 9, a digiri 30 wajen 7 da rabi kawai. Shi ya sa bazara, Afrilu da Mayu, ke da nata haɗari.

Tsanwan nan da kuke gani cikin ruwan kiwo ƙananan tsirrai ne. Da rana suna ba da oksijan, kuma karfasa tana cin su. Da dare su ma shaƙa suke, tare da kifi, tare da duk abin da ke ruɓewa a ƙasa. Saboda haka lokacin da iska ta fi ƙaranci shi ne asuba. Ranar hazo ko hadari abin ya fi muni, don rana ba ta fito ta mayar da abin da aka shanye ba.

Je ka duba bayan sallar asuba. In ka tarar da su a sama, baki buɗe, suna haɗiyar iska, in ka tafa hannu su nutse su sake dawowa, to iska ta gaza. Karfasa tana da juriya, ba ta saurin mutuwa da wanga, amma ba za ta ci ba, ba za ta girma ba, kuma in abin ya daɗe, wata safiya manyan ne za su fara tasowa a mace.

Abin yi: a tsai da abinci da taki. A ƙara sabon ruwa, a bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama. In da injin ban ruwa, a ja ruwan kwamin a mayar da shi ta sama. In babu, a sa yara su ɗebo da bokiti suna watsawa. Ruwan rijiya mai zurfi da na fanfon burtsatse suna fitowa da iska kaɗan, su ma sai an fantsama su.

Ga awo marar kuɗi. Tsoma hannunka har gwiwar hannu. In tafinka ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwa, tsanwa ta yi yawa, a sake wani kashi na ruwan. In kana hangen ƙasa sarai, ruwan ya yi fari, kifi ba su da abinci na ruwa kuma ba su da sutura.

5. Mi ya shiga ruwan?

Kifi yana kashi da fitsari cikin ruwan da yake sha. Daga nan, da kuma ragowar abinci, wata guba ke fita mai suna amoniya. Ba ta da launi, ido ba ya ganin ta. Kaɗan daga cikinta ya isa ya rage wa kifi ci tun kafin ka ga wata alama. Zafi da ruwa mai kanwa suna ƙara mata ƙarfi. A ramin ƙasa, tsirran ruwa da ƙwayoyin halitta na cikin laka suna cinye ta. A kwamin siminti mai cunkoso babu mai cinye ta sai sake ruwa. Alamarta: kifi ya lafe a kusurwa, fiffike a rufe, numfashi da sauri, ruwa da kumfa ko wari. A zubar da kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku, daga ƙasa, a cika da sabo. Kada a sake ruwa duka a tashi ɗaya, wannan ma firgita ce.

Ku masu garka, akwai guba ta biyu da ta fi wannan saurin kisa: maganin feshi. Kada a wanke famfon feshi ko gwangwanin magani kusa da kifi, kada a ɗebi ruwa da bokitin da aka dama magani. Gidan sauro mai magani shi ma haka: abin da ke kashe sauro yana kashe kifi. Kada a yi raga da shi, kada a wanke shi a nan. Sabulu da omo su ma a nisanta su.

Ruwan pampo na gari yana da maganin tsabtace ruwa mai warin jabel, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi. A tara shi a buɗe kwana 1 ko 2 kafin a zuba. Sabon siminti kuma yana sakin wani abu mai kaifi kamar toka. A cika kwamin, a bar shi kwanaki, a zubar, a maimaita sau da yawa cikin mako 2 ko 3 kafin kifi ya shiga.

6. Ko dai mai jego ce?

Akwai ƙin cin da ba damuwa ba ne. Namijin karfasa yana haƙa ɗan gurbi a ƙasa kamar kasko. Mace ta zuba ƙwai, ya barbare su, sai ta kwashe su cikin bakinta. Nan suke ƙyanƙyashewa, nan take renon ƴaƴan wajen mako 1 zuwa 2. Duk tsawon wanga lokaci kusan ba ta cin komi, kuma tana neman wurin ɓuya. Kifin tabkin Malawi na gilashi suna kaiwa wajen mako 3.

Ƙaƙa za ka gane ta? Ƙasan haɓarta ya kumbura, bakinta a rufe, tana motsa shi kamar mai tauna. In abinci ya faɗo takan matso, ta duba, ta juya. Ƙyale ta. In ka bi ta da raga za ta tofar da ƙwan.

Amma fa a ramin kiwo wannan yana da hasara. Mace tana fara haihuwa tun tana wata 5 ko 6, ko ba ta yi girma ba. Abincin da za ta yi nama da shi ya tafi ga ƙwai, rami ya cika da ƙanana, kowa ya tsumbure. Shi ya sa masu kiwon sayarwa suka fi son maza zalla, su ne kuma suka fi saurin girma.

7. Wa ke cin zalin wa?

In duka kifin suka ƙi ci, zargi ruwa ko sanyi. In ɗaya ko biyu ne kawai, zargi maƙwabci. Zauna nesa kaɗan, shiru, minti 15, ka gani da idonka. Akwai babban namiji mai haske da ya kama wuri, yana koran kowa. Wanda ake kora launinsa ya dushe ko ya yi duhu, zanen jikinsa ya fito, wutsiya a yage, yana maƙale a kusurwa ko can sama kusa da bakin ruwa. Yunwa yake ji, tsoro ne ya hana shi.

Kun san yadda babban rago ke tare kwami, ƙanana su koma gefe. Maganin ɗaya ne. A ware manya da ƙanana. A watsa abinci wuri 3 ko 4 a lokaci guda, azzalumi ba ya iya tsare su duka. A ramin ƙasa marar injin iska, kifi 2 ko 3 a kowane murabba'in metir sun isa. A ƙaramin kwami a sa fasasshen tulu, tsohon kasko ko guntun tiyo mai faɗi, wanda aka kora ya sami mafaka. In azzalumin ya ƙi bari, shi za a fitar, a bar mai rauni ya murmure.

8. Mi ke tsorata su?

Kifi na ganinka, mai jar koma. Duk abin da ya gitta ta sama, a wurinsa tsuntsu ne. Zalɓe da ke tsayawa a bakin ruwa da sassafe, tsari, maciji, yara masu jifa ko masu ƙugiya, duk suna sa kifi su lafe wuni guda. Duba sawu a laka, duba ko akwai kifi mai rauni a baya. A share ciyawar gefe, a ja igiyoyi ko tsohuwar raga ta sama, a yi shinge.

Ga abin mamaki da ya kamata ku riƙe: kifin da ke da wurin ɓuya shi ne ke fitowa. Wanda aka bari a fili, ruwa fari, rana tsaka, babu inuwa, shi ne ke rakuɓewa. A rufe kashi ɗaya cikin huɗu na kwami da zana. Kuma mutum ɗaya ya riƙa ba su abinci, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ba gudu, ba hayaniya. Cikin mako biyu za su san takunsa.

9. Abincin kansa fa?

Shinshina shi. Dusar shinkafa tana da mai, in ta daɗe cikin zafi takan yi ɗaci da wari. Tunkuza ko ƙulin gyaɗa da ya sha danshin damana yana yin fumfuna, cikinta akwai gubar da ke lalata hanta, ta kifi da ta kaji da ta mutum. Abin da ba za ka ba kazarka ba, kada ka ba kifi. A aje buhu bisa katako, a inuwa, kada a sayi na wata da watanni.

Duba girman ƙwayar: in ta fi bakin kifi, zai ɗauka ya tofar. In za ka sake iri, gauraya tsoho da sabo kwana 4 ko 5.

Sa'an nan awo. Ƙananan kifi suna cin wajen kashi 5 cikin 100 na nauyinsu a wuni, ko fiye. Manya kashi 2 zuwa 3. Misali, kifi 500, kowane giram 50, nauyinsu kilo 25 ke nan. Kashi 4 cikin 100 na wannan shi ne kilo 1, a raba shi biyu ko uku. Abin da ba su cinye ba cikin minti 15 ya yi yawa, gobe a rage. Da yawa masu cewa kifinsu ba ya ci, ƙoshi ne ya yi masa yawa.

10. Ku masu akwatin gilashi

Duk abin da muka faɗa ya shafe ku, har ma ya fi, don ruwanku kaɗan ne, kuskure ba ya daɗewa bai nuna ba.

Sabon akwati ba shi da ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya. Sai sun yi mako 4 zuwa 6 suna taruwa cikin matacin ruwa. In ka cika shi da kifi ranar farko, cikin kwanaki za su lafe. A fara da kaɗan, a ba su abinci kaɗan. Soson mataci a wanke shi da ruwan da aka ɗebo daga akwatin, don ruwan pampo yana kashe ƙwayoyin. Kowane mako a sake kashi ɗaya cikin huɗu.

Ka san asalin kifinka. Na Malawi da Tanganyika suna son ruwa mai ɗan kanwa, zafi digiri 24 zuwa 28, da tarin duwatsu masu ramuka. Na kogin Amazon, irin su diskus, suna son ruwa mai laushi da wuri mai duhu-duhu. Haɗa su wuri ɗaya zalunci ne. Ƙananan na Malawi masu zama cikin duwatsu gansakuka suke kankara, abinci mai ganye ya fi dacewa da su. Yawan nama da gurɓataccen ruwa suna jawo musu kumburin ciki, wanda ke farawa da ɓuya, da tofar da abinci, da farin kashi mai kama da zare.

Kifi biyu ko uku a akwati, faɗa a kan guda ɗaya yake ƙarewa. Ga masu reno a baki, namiji 1 da mata 3 ko fiye ya fi zaman lafiya. In za a kawo baƙo, a sake jeren duwatsu, kowa ya koma neman wuri. Kada a aza akwati a bakin ƙofa ko kusa da rediyo, kada yara su riƙa ƙwanƙwasa gilashi. A kunna fitilar ɗaki kafin ta akwati, a kashe ta da dare. Na'urar sanyaya ɗaki tana huce ruwa ko cikin bazara. In wuta ta ɗauke, famfon iska ya tsaya: kada a ba da abinci, a riƙa ɗebo ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama har ta dawo.

11. Sai yanzu mu zo ga cuta

In ruwa lafiya, zafi daidai, babu azzalumi, abinci mai kyau, amma ƙin ci ya wuce kwana 4 ko 5, kama ɗaya ka duba. Fararen ɗigo kamar gishiri a jiki da fiffike, ko kifi yana goga jikinsa da bango, alamar ƙananan ƙwari ce. Ɗaga marfin da ke gefen kai: naman ciki ja wur ya kamata ya zama. In ya yi fari, ko ruwan ƙasa, ko yauƙi ya rufe shi, akwai matsala. Ido ya kumbura ya yi fari, kifi yana juyi kamar mai hajijiya, wannan ciwo ne da ya fi tashi cikin zafi da cunkoso. Gyambo, zubar ɓawon jiki, kumburin ciki, su ma alamu ne. Akwai kuma wata cutar karfasa mai yaɗuwa da masana suka gano a 2014, wadda ta yi ɓarna a ƙasashe da dama, kuma kafso ba ya yi mata komi.

Abin da za ka iya yi da kanka: ware marar lafiya, tsai da abinci, sake wani kashi na ruwa. Gishirin girki giram 3 a kowane litir yana taimakon karfasar da ta wahala, a wurin da aka ware ta. Matattu a binne su nesa da ruwa, kada a ci, kada a sayar. Raga da bokitin wurin ciwo kada su je wani kwami sai an wanke an shanya su a rana. Sabon kifi ya yi mako 2 zuwa 4 shi kaɗai kafin a haɗa shi da na gida.

Daga nan sai ka nemi ma'aikacin dabbobi ko na kamun kifi mafi kusa. Kawo masa kifi mai ciwo da ransa, da ruwan kwamin cikin kwalba mai tsabta daban. Mataccen jiya ba ya nuna komi. Maganin mutane da ake fasawa cikin ruwa yana kashe ƙwayoyin da ke tsabtace ruwan, yana saura cikin naman da iyalinka za su ci, kuma yana koya wa cuta jure magani.

Kafin mu rabu

Sami ɗan littafi. Kowace rana rubuta abincin da ka ba da, ko sun cinye, yadda ka same su da asuba, da wanda ya mutu in akwai. In ba ka rubutu, ɗan lakwal ya rubuta maka. Ranar da muka zo, wanga littafi shi ne zai gaya muna abin da kifi ba ya iya faɗi.

Gobe in ka zuba abinci ba su taso ba, mayar da kwano gida. Taɓa ruwan, shinshina shi, tsoma hannu har gwiwa. Zauna shiru ka ga wa ke koran wa. Dawo da asuba. Cikin waɗannan za ka sami amsa tun kafin ka kashe ko dala.

Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Allah ya sa albarka cikin kiwo, ya kare muna dukiya.